Muryar Idi Mai Wake

Ku da kuke zuwa shagona da waya a hannu kuna cewa a koya maku fassarar katun cikin sati guda, na san abin da kuka ɗauki aikin. Kun ɗauka mutum ya matse hanci, ya ƙanƙance murya, yara su yi dariya, shi ke nan an gama. Sunana Bala, a nan Dutsin-Ma aka haife ni, kuma na fi shekara ashirin ina sa wa zane magana da Hausa. Ku sami wuri ku zauna. Wanda ya ji har ƙarshe yana son aikin, ya dawo ranar Asabar.

Aikin farko da aka ba ni babu magana a cikinshi. Maigidana Malam Garba, wanda na zauna wurinshi a Katsina, tsohon ɗan wasan kwaikwayon rediyo ne da ya koma fassara lokacin da kaset ya shigo. Ya zaunar da ni gaban talabijin, ya kashe sautin gaba ɗaya, ya ce in riƙa ƙirga sau nawa bakin mutumin zanen yake buɗewa kafin ya rufe. Wata uku na yi a kan wannan. Da na gaji na tambaye shi amfanin abin, sai ya ce, "Bature ya yi maganarshi a taƙaice, zane ya rufe baki. Hausa ta fi Turanci tsawo. In bakin ya rufe kana cikin magana, yaro ɗan shekara biyar ma ya gane akwai wani a bayan labule."

To ga abin da ya koya mani, ku riƙe shi, don shi ne ginshiƙin sana'ar. Mutum na gaske yana jan numfashi ne inda maganarshi ta ƙare. Mai fassara kuwa yana ja ne inda bakin zane ya rufe, ko da a tsakiyar magana ne. Za ka ce "Indo, kawo mani," ka tsaya ka ja iska da sauri domin bakin ya rufe, sannan ka ce "tuwon nan kafin ya huce." Mai kallo ba ya lura, domin idonshi na kan bakin. Amma in ka rufe ido ka saurara, za ka ji babu ɗan Adam da ke magana haka.

Bayan wata ukun nan ya ba ni muryar kare. Shekara guda ina haushi da gurnani. Shi kuwa Malam Garba yana da murya ta fi ashirin, kuma har na bar wurinshi ban san wacce ce tashi ta haihuwa ba. Da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi da rana tsaka. Ya buɗe ido ya gaishe ni da muryar wata tsohuwa da yake yi a rediyo tun ina yaro. Na yi murmushi, na zaci wasa yake. Matarshi ta ce mani a hankali kwana uku ke nan da ita yake magana, har ruwan alwala da ita yake nema.

Da na dawo gida na kama wannan shagon. Ɗakin da ke bayan labulen can shi ne wurin aiki. Babu taga. Tsofaffin katifu na manna a bango, na lulluɓe rufin da kwalin ƙwai, domin kada murya ta bugi bango ta dawo cikin makirufo. Ba a kunna fanka, saboda makirufo na jin ta. Ina shiga bayan fitowar rana, kafin masu injin niƙa su tashi, in fito da hantsi kamar an tsamo ni daga dam. Ba ka shan ruwan sanyi, ba ka cin goro, zuma da citta kawai. Kuma ɗakin nan yana da wani irin shiru da ba ku taɓa ji ba. Ka yi awa uku kana mutum biyar, suna faɗa, suna dariya, sai ka cire abin kunne ka ga kai kaɗai ne tsakanin katifu. Wani lokaci sai na yi gyaran murya na kira sunan kaina kafin in buɗe ƙofa.

Katun ɗin da ya yi mani suna, wani wasan gidan Turawa ne da aka daɗe ana yi a can, har yau kuma ba su daina ba. Ban taɓa damuwa da sunayen da suka ba mutanen ciki ba, nawa na raɗa masu. Maigidan mai gadin kamfanin sabulu ne, ga tumbi, ga cika baki, ga tsoro, na sa mashi Tulu. Matarshi Indo, ita ce mai hankalin gidan. Suna da 'ya'ya biyu, Audi da Lami. Sai uwar Indo da ke zaune a ɗakin saman bene, ba ta sauko ba sai da masifa, na sa mata Gwaggo Ta-Sama. Duk garin nan da ƙauyuka Gidan Tulu ake kiran wasan. A farkon kowane kashi kuma ina faɗin sunana da garinmu, kamar yadda masu fassara ke yi.

Akwai wani kashi da ya hana ni sakat kwana huɗu. Tulu ya sayo injin yankan ciyawa, ya yanke ta ƙofar gidanshi, ya wuce ya yanke furannin maƙwabci, ya zuba a bola. Su can abin dariya ne. A nan wa zai yanki ciyawa ya zubar? Mutumin ƙauye irin Karofi ya ga haka haushi zai ji. Sai na mayar da shi Tulu yana tara wa ragon layya abinci, ragon da bai saya ba, ba kuma shi da niyyar saye, yana yi ne don Gwaggo Ta-Sama ta leƙo ta taga ta ga surukinta mai himma ne. Hoton bai canza ba ko kaɗan, amma labarin ya zama namu. Haka abin da yake sha a kwalba da abokanshi, ni kunun zaƙi na mayar da shi. In ya fito yana tangaɗi sai Indo ta ce, "Na gaya maka kunun gidan nan ya kwana." Manya su gane, yara su yi dariyar tangaɗin. Wannan shi ne aikin, ba matse hanci ba. Turancina na sakandare ne, rabin barkwancinsu ban taɓa fahimta ba, kuma ban yi asarar komai ba.

Cikin masu kallo ba na manta wata tsohuwar Bafulatana mai fura da nono daga wajen Kutawa, Inna Jumma. Duk ranar kasuwa takan sauke ƙwaryarta a inuwar shagon nan, ta kalli talabijin ɗin da nake kunnawa a waje. Shekaru tana haka. Wata rana aka nuna Tulu ya faɗo daga saman kamfani, mota ta bi ta kanshi, har an kai shi maƙabarta. Kashi na gaba ya fara, sai ga shi zaune yana cin abinci.

Ta kira ni ta ce, "Bala, ba yanzun nan aka binne mutumen ga ba?"

Na ce, "Haka suke, Inna. Kowane kashi sabo suke tashi."

"Yaran fa? Jikata da ta fara kallonsu tare da ni, bara aka kai ta ɗaki. Su har yanzu rigar makarantar nan ce jikinsu."

"Zane ne, Inna."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Zane ba ya gaisuwa da muryar mutanen da na sani." Ta rufe ƙwaryarta da faifai. Ta ci gaba da zama a wurin har ƙarfinta ya ƙare, amma daga ranar bayanta take ba talabijin.

Gaskiya ta faɗa, domin muryar Tulu ba tawa ba ce. Da farko na gwada mashi murya biyu, duk ba su zauna ba. Na yi mai kauri, ya zama mugu. Na yi siririya, ya zama wawa, alhali Tulu ba wawa ba ne, mai wayo ne wanda wayonshi ke ƙarewa a tsakiyar hanya. Ina cikin wannan damuwar na shiga kasuwa sayen wake, na ji wani yana ciniki a bayana. Murya ce mai ɗan dushewa, rabi ta hanci, tana hawa a ƙarshen magana kamar mai ita yana mamakin abin da ya faɗa. Na juya na ga wani siririn mutum kamar karan dawa. Idi ne, manomi daga Barkiya, yana kawo wake duk ranar kasuwa. In mai saye ya kama shi ya rage awo, sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni dai ba ruwana, tiyar ce ta rame."

Sati shida na yi ina sayen waken da ba na buƙata. Ina tsayawa kusa da shi, ba abin da yake faɗa nake ji ba, inda muryar ke fitowa nake nema. Na gano daga bayan hanci take, harshe a kwance, haƙora kusan a haɗe. Ranar da na shiga ɗaki na ɗora ta a bakin Tulu, ni kaina sai da na tsayar da hoton na yi dariya.

Ba a yi wata biyu ba kowa ya gane. Yara suka fara bin Idi a kasuwa suna kiran Tulu, ga shi kuwa ko tumbin kirki ba shi da shi. Na yi zaton zai zo da faɗa. Ya zo, ya tsaya ya kalli kashi guda har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Bala, ka ɗauki muryata ba ka yi sallama ba." Ya ajiye mani tiyar wake a kan benci. Cinikinshi ya ƙaru, mata na aiko yara musamman wurin Tulu mai wake. Daga baya shi da kanshi yake kawo mani magana. Ya ji wani abin dariya a Barkiya ko a tashar Kurfi, sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ga wata, ka ba mutumenka." Shekara goma muka yi a haka.

Sai shekarar da hanya ta lalace da 'yan bindiga. Ba sai na yi maku bayani ba, wasunku a shekarar iyayenku suka dawo da ku cikin gari. Mutane suka bar gonakin nesa. Masu tura finafinai a waya da ke zuwa daga ƙauyuka su kwashi sababbin kashi a wurina suka rage zuwa, wasu ban sake ganinsu ba. Idi bai daina kawo wake ba. Wata ranar kasuwa, dawa ta yi tsawo har ta rufe mutum a kan mashin, ya tashi bayan la'asar kamar kullum, bai isa Barkiya ba. Washegari aka ga buhunan da ya ɗauro babu komai cikinsu a gefen hanya, da hularshi. Ba a ga mashin ba. Aka jira a kira a nemi kuɗin fansa, kamar yadda aka saba, ba wanda ya kira. Sati ya wuce, wata ya wuce, shiru.

Ni kuma ina da kashi goma sha biyu a ƙasa da ban fassara ba, ga iyali. Na ci gaba da shiga ɗakin nan kowace safiya ina magana da muryar mutumin da ba a san inda yake ba.

Wajen kwana hamsin da ɓatanshi, da hantsi, ƙanenshi Haruna ya shigo shago. Ɗan acaɓa ne, mun san juna sama-sama. Idonshi ja, amma fuskarshi a sake. Ya ce, "Malam Bala, Yaya ya kira. Ya gudo."

Wayarshi irin mai naɗar kira da kanta ce. Ya ce Idi ya faɗi inda yake ɓoye, amma iska ta yi yawa, ya kasa jin sunan wurin, kuma an ce mashi ina da na'urar da ke tace sauti. Idi ya ce zai sake kira da azahar in ya samu ya hau dutse, amma Haruna ba ya son ya jira, so yake ya kama hanya yanzu.

Na shigar da shi ɗakin aiki, na jona wayar da kwamfuta, na rage ƙarar iskar, na sa abin kunne. Muryar ta fito. "Haruna, ni ne. Na gudo, amma ƙafata ta kumbura. Ina tsohuwar rugar nan ta bayan kukoki. Ka zo da mashin ɗinka, ka zo kai kaɗai, kada ka gaya ma 'yan sintiri."

Sunan wurin ya fito sarai. Na buɗe baki zan faɗa mashi, sai na fasa, na maimaita. Na sake maimaitawa, wannan karon idona a rufe.

Idi mutumin kasuwa ne. Numfashi ɗaya yake gaisawa, ya faɗi farashi, ya tsokani maƙwabcinshi, bai tsaya ba. Wanda ke cikin wayar nan kuwa ya ce "Ka zo da," ya tsaya ya ja iska, sannan "mashin ɗinka, ka zo," ya sake ja, sannan "kai kaɗai." Ba haki ba ne na mai ciwo ko na wanda ya yi gudu, na san wannan. Ɗan gajeren numfashi ne mai sauri, a tsakiyar magana, irin na wanda ke jiran bakin zane ya buɗe. Nawa ne. Wanda ya kira bai koyi muryar daga bakin Idi ba, daga Gidan Tulu ya koye ta.

Na cire abin kunnen na ce, "Haruna, ba Idi ba ne."

Ya dube ni kamar bai ji ba. "Mi ka ce?"

"Wani ne ke kwaikwayonshi. So ake ka kai kanka da mashin ɗinka."

"Innarmu ta ji, ta ce ɗanta ne. Matarshi ta ji, ta faɗi tana kuka. Kai wane ne?"

"Su abin da ya faɗa suka saurara. Ni shekara goma ina sauraren yadda yake faɗa."

"Shekara goma kana maida shi abin dariya dai," in ji shi. "Ka gaya mani wurin, ba shawara na zo nema ba."

Na ce ya ba ni minti biyar. Na ɗauko wani tsohon kashi, na kashe hoton, na kunna mashi Tulu yana roƙon Indo, sannan na kunna kiran, na tsallake sunan wurin. Na nuna mashi inda kowanne ke tsayawa. Ya ce shi bai ji wani bambanci ba, mutum a daji da ƙafa a kumbure ai dole numfashinshi ya canza. Da na ga haka sai na juya na fuskance shi, na kwantar da harshe, na faɗi maganar nan gaba ɗaya ban da sunan wurin, tun daga "Haruna, ni ne" har ƙarshe.

Ya miƙe tsaye, ya ja baya har ya jingina da katifar bango. Ya ce, "Kada ka sake."

"In ni na iya a gabanka, wani ma zai iya a waya."

Bai yarda ba, amma ya zauna. Muka yi yarjejeniya zai jira kiran azahar, in har bayan nan yana son zuwa, zan faɗa mashi wurin. Muka yi salla a masallacin bakin titi, muka dawo ɗakin, na rufe ƙofa. Ya ajiye wayar a kan tebur tsakaninmu. Gumi na ɗiga daga haɓarshi.

Wayar ta yi ƙara. Ya buɗe sautin yadda zan ji.

"Haruna, ka taso?"

Ban shirya abin da na yi ba. Na sunkuya kan wayar, na ce da muryar Idi, "Wa ke neman Haruna? Ai ni ne Idi, ga ni a gida."

Ana jin iska, ana jin kukan saniya daga nesa. Can ƙasa-ƙasa kuma, kamar daga wata wayar da ke kusa da mai kiran, na ji Gwaggo Ta-Sama tana yi wa Tulu masifa a kan ragon layya. Muryata ce, wadda na naɗa a kan kujerar da nake zaune.

Sai wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi, sun kai huɗu ko biyar. Mai kiran ya dawo, amma yanzu da muryarshi ta gaske. Saurayi ne, bai wuce sa'ar wasunku ba, Hausarshi irin tamu ce ta nan.

Ya ce, "Malam Bala ne? Wallahi kai ne. Ku yi shiru, Malam Bala ne da kanshi." Murna ce a muryar, irin ta wanda ya haɗu da mutumin da ya daɗe yana son gani. "Malam, muna da naka duka, tun daga na farko. Na iya ko?"

Haruna ya fizgi wayar. "Ina Yayana?"

"Mai waken? Da muka ji muryar mun ɗauka mun yi babban kamu. Mun sa shi ya yi mana Tulu." Ya ɗan tsaya. "Bai iya ba kamar kai, Malam. Ko dariyar bai iya ba."

"Yana da rai?" in ji Haruna. "Don Allah, yana da rai?"

"Malam Bala, yaushe sabo zai fito? Mun gaji da maimaita tsofaffi."

Kiran ya yanke. Haruna ya bi lambar ya fi sau ashirin a gabana, ba ta sake shiga ba, har yau. Ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya tashi tafiya bai tambaye ni sunan wurin ba. Ni na rubuta shi a takarda, muka kai ma waɗanda ya kamata a kai mawa. An ce an je bayan kwana biyu, aka tarar da toka da sawun mashina.

Ba a ga Idi ba. Haruna na nan da ranshi, yana acaɓa tsakanin Kurfi da nan, in ya wuce yakan ɗaga mani hannu, amma bai sake shigowa shagon ba. Shi ya gaya mani a bakin titi cewa matar Idi ta kwashe yara ta koma gidansu. Ta ce ba ta iya zama a unguwar da kowane yaro ke wucewa ta bayan katanga yana magana da muryar mijinta.

Kashi goma sha biyun nan na sake fassara su daga farko, amma da wata murya. Na sa Gwaggo Ta-Sama ta ce ma Tulu, "Tun da ka haɗiye ƙashin kifin nan maƙogwaronka bai dawo daidai ba," don masu kallo su sami dalili. Ba su karɓa ba. Aka yi ta zuwa ana ce mani na lalata wasan, wasu suka ce an canza mai fassara. Gidan Tulu bai sake yin kasuwar da ya yi ba, na koma wasu katun ɗin. Tsofaffin kashin kuwa ba ni da ikon janye su. Na goge nawa, amma suna cikin wayoyin mutane, daga wannan memori zuwa wancan, har inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba.

Shi ya sa duk wanda zai koyi aiki a wurina, sharaɗi ɗaya nake kafa mashi. Ka haɗa muryarka da kanka. Ka ɗauki hancin wannan, dushewar wancan, saurin wata, ka gauraya har ya zama babu mai ita. Kada ka ɗauki ta mutum guda sukutum, mai gida da iyali, komai daɗinta, ko da ya ce ya yafe. Kai kana ganin wasa kake a ɗaki, ba ka san wanda ke koyo a bayanka ba.

Bara bayan girbi na je Kurfi ranar kasuwa sayen gero. Rana tsaka, kasuwa ta cika, ina tsugune gaban mai awo ina riƙe mashi bakin buhu. Sai na ji an matso bayana, kusa har ina jin numfashi a kunnena. Aka ce, da muryar Idi, "Malam Bala, ina gajiya? Mun ji ka shiru."

Yara da yawa na yi mani haka a hanya, na saba. Wannan ba yaro ba ne, daga ƙirjin babban mutum ta fito. Mai geron ya ɗaga kai ya dubi wanda ke tsaye a bayana, sai ya mayar da idonshi kan tiya da sauri, ya ci gaba da awo yana zubar da rabi a ƙasa.

Ban waiwaya ba. Na ce, "Lafiya lau," da muryata. Na ci gaba da riƙe buhun har na ji inuwar ta gushe daga kaina. Mai geron ya ɗaure bakin buhun, ya taya ni ɗorawa. Ban tambaye shi wanda ya gani ba, shi ma bai faɗa ba.